Firefox a wayar Android: ta cancanci zama burauzar kullum?

Yawancin mutanen da ke shigowa shagona ba su taɓa zaɓar burauza da kansu ba, waya ce ta zaɓar musu. An sayo ta a Farm Centre ko Beirut Road, yaron shago ya sa layi, ya zuba WhatsApp da Facebook da TikTok, ya miƙo. Daga ranar, duk link ɗin da aka turo wa mutum, abin da ya fara buɗe shi shi ne burauzarsa, ko sunanta bai sani ba. Ni sana'a ce ta sa dole in damu da wannan. Shagon buga takardu gare ni a wajen Kabuga, inda muke fitar wa ɗalibai sakamakon WAEC da NECO, mu ciro lambar biyan kuɗi ta Remita, mu cike fom ɗin rajistar makaranta. A cikin burauza nake wuni, in ba a kwamfuta ba to a waya, kuma duk datar da ta tafi daga aljihuna ta fita.

Wadda na tsaya a kanta a waya ita ce Firefox, amma da sharaɗi ɗaya: sai an haɗa ta da mai toshe talla da ake kira uBlock Origin. In babu shi, ba ni da wani ƙwaƙƙwaran dalili da zan ce ka bar abin da ka saba da shi. In akwai shi kuwa, intanet ɗin da za ka gani daban yake da wanda ka sani.

Sai dai kafin in shiga bayaninta, dole in ba Opera Mini haƙƙinta, don duk ɗan Kanon da ya fara shiga intanet a ƙaramar Nokia da ita ya buɗe ido. Kamfanin Opera na ƙasar Norwe ne ya fito da ita a 2005, ta bazu a duniya a farkon 2006, lokacin GSM bai wuce shekara biyar da shigowa Najeriya ba. Dabararta ita ce ba wayarka ke zuwa ta ɗauko shafi ba. Tamkar ɗan aike ne: ka faɗa masa abin da kake so, ya je kasuwa ya sayo, ya zubar da kwali da leda, ya kawo maka kayan a dunƙule. Manyan kwamfutocin kamfanin su ke buɗe shafin, su matse hotunansa, su rage masa nauyi, sannan su turo wa waya. Kamfanin yana cewa ragin yakan kai kashi 90 cikin 100. Shi ya sa har gobe, idan sabis ya yi ƙasa, ko ka fita bayan gari ko ka shiga cunkoson Kantin Kwari ana gab da Sallah, ita ce ke buɗe maka labarai sauran suna ta juyi.

To amma ɗan aike yana ganin abin da aka aike shi ya sayo. A tsarin matsewa mafi tsanani, wanda suke kira Extreme, shafin ta hannun kamfanin yake ratsawa kafin ya iso gare ka. Kuma shafukan da ke buƙatar wayar kanta ta yi aiki, irin su fom mai matakai da shafin biyan kuɗi, ba don wannan tsari aka gina su ba. Ban goge ta daga wayata ba, tana nan don karanta labarai da duba sakamakon ƙwallo ranar da sabis ya yi gardama. Amma duk abin da ya shafi kuɗi ko kalmar sirri ba na bi da shi ta wannan hanya, kuma ba na ba kowa shawarar ya bi.

Chrome ita ce ta fi kowa jama'a. Google ya fito da ita a 2008, kuma kusan kowace wayar Android da ita take zuwa. A da tana da nata tsarin rage cin data, sai a watan Maris na 2022 aka cire shi, bisa hujjar cewa data ta yi sauƙi a ƙasashe da dama. Mu a nan akasin haka muka gani. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, kuma kowa ya ji a jikinsa, daga ɗalibin da ke sayen datar kwana ɗaya har mai shago irina da ke sayen ta wata. Abu na biyu, Chrome ta waya ba ta karɓar ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa burauza don su ƙara mata aiki, saboda haka babu hanyar sa mata mai toshe talla irin wanda nake magana. Ba abin mamaki ba ne, Google da talla yake samun mafi yawan kuɗinsa. A kwamfuta ma, daga ƙarshen 2024 zuwa 2025 Chrome ta sauya dokokinta ta yadda cikakken uBlock Origin ya daina aiki, sai wani ragaggen samfurinsa mai suna uBlock Origin Lite.

A nan Firefox ta bambanta. Mozilla ce ke yin ta, tun 2004, kuma gidauniyar da ke saman kamfanin ba ta neman riba ba ce. Tana da injinta na kanta mai suna Gecko, alhali Edge da Brave da babbar Opera da burauzar Samsung duk a kan Chromium, tushen Chrome, aka gina su. A waya tana karɓar waɗancan ƙananan manhajoji. An taɓa taƙaita su a 2020 da aka sake gina ta daga tushe, sannan a watan Disamban 2023 aka buɗe ƙofa, ɗaruruwa suka shigo. Daga cikinsu duka, guda ɗaya ne nake ganin wajibi.

Sa shi ba wuya. Bayan ka sauke Firefox daga Play Store, ka danna ɗigo ukun nan na gefe, ka shiga inda aka rubuta Extensions, za ka ga uBlock Origin a cikin na farko-farko. Ka danna alamar ƙari, ka amince, magana ta ƙare. Ka lura da cikakken sunan, domin akwai masu kama da shi da ba su da alaƙa da shi. Na ainihin wani mai suna Raymond Hill ne ya fara shi a 2014, kyauta ne, kuma ko gudummawar kuɗi mutumin ba ya karɓa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne yadda shafi yake cin data. Idan ka buɗe labari ɗaya, rubutun da ka zo karantawa ɗan mitsitsi ne, bai kai nauyin hoto guda ba. Amma shafin yana umartar wayarka ta tuntuɓi wasu adireshi barkatai: wannan ya kawo hoton talla, wancan ya kawo bidiyon da zai kunna kansa, wani kuma babu abin da zai nuna maka, aikinsa kawai ya rubuta cewa kai ne ka zo, da irin wayarka, da shafin da ka fito. Duk wannan kai ne ke biya, da datarka da batirinka. uBlock yana da jerin irin waɗannan adireshi da masu sa kai ke sabuntawa kullum, sai ya tare buƙatar tun kafin ta fita daga waya. Ba ɓoye tallar yake yi bayan ta sauka ba, hana ta saukowa yake yi, kuma a nan ribar take. Yana ma nuna maka adadin abin da ya tare a kowane shafi. A wasu shafukan sauke littattafai da na labaran ƙwallo, adadin da za ka gani sai ya ba ka tsoro.

Abin da na fara lura da shi ba data ba ne, natsuwa ce. Shafi ya buɗe, rubutu ya tsaya wuri ɗaya, ba ya tsalle ƙasa saboda wata talla ta kutso sama daidai lokacin da ka kai yatsa. Maɓallan ƙarya masu cewa ka danna nan ka sauke, waɗanda ke kai mutum wani wuri daban, yawancinsu sun ɓace. Batun data kuma ba sai ka yarda da maganata ba. A cikin saitin kowace wayar Android akwai wurin da ke nuna yawan datar da kowace manhaja ta ci. Ka duba na tsohuwar burauzarka yau, ka yi wata guda da wannan, ka sake dubawa. Gaskiya ɗaya dai sai na faɗa: idan datarka a TikTok da YouTube take ƙarewa, babu burauzar da za ta cece ka, domin ba ta cikinta suke bi ba.

Akwai kuma abin da ya fi data muhimmanci a wurina. A 2024 Hisbah ta bi ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, amma cacar ba ta buƙatar shago yanzu. Yaro ya ari wayar mahaifiyarsa zai nemo amsar aikin gida, shafin ya buɗe da tallar caca a sama, da alkawarin garaɓasa ga sabon shiga, a ƙasa kuma hoton da ba za ka so 'yarka ta gani ba. Ba shi ya nema ba, kawo masa aka yi. Ƙanwata tana da yara 'yan sakandare, kuma wayarta ce kwamfutar gidan. Da na sa mata Firefox da uBlock, bayan kwana biyu ta kira ni.

"Yaya, me ka yi wa wayar nan ne? Hotunan banzan nan duk sun daina fitowa."

Na ce mata ba wani abu ba ne, ƙofar da suke shigowa aka rufe. Na kuma gaya mata kada ta ɗauka wannan ya maye gurbin sa ido, domin abin da yaro ya nema da kansa zai samu. Amma rage abin da ake cusa masa ba tare da ya nema ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma minti biyar ya ishe shi.

Ga wani haƙƙi da nake ganin bai kamata a tsallake ba. Jaridun Hausa da ke intanet, musamman ƙananan da matasa ke wahala a kansu, da talla suke biyan ma'aikata da kuɗin ajiye shafi. Idan kowa ya toshe, da me za su ci gaba? Abin da nake yi shi ne, shafin da nake karantawa kullum kuma na ga tallarsa mai mutunci ce, sai in buɗe uBlock a kansa in danna babban shuɗin maɓallin nan, ya daina aiki a wannan shafi kaɗai. Yana tunawa, ba sai an maimaita ba. Wanda kuma ya cika shafinsa da caca da magungunan ƙarya, shi ya jawo wa kansa.

Ga wanda datarsa ke tafiya a ƙididdige, akwai saiti biyu da suka cancanci a nemo su. Na farko a cikin uBlock yake: ana iya umartarsa ya hana saukar duk hoto ko bidiyon da ya wuce kilobait 50. Sai shafi ya zo da rubutu da guraben hotuna, wanda kake son gani ka taɓa shi ya sauko. Ba kullum nake kunna shi ba, don yana ɓata kyan shafi, amma a ƙarshen wata yana kai mutum gaci. Na biyu a cikin saitin Firefox yake, ɓangaren izinin shafuka: a hana bidiyo da sauti kunna kansu. Akwai ma zaɓin a hana su idan kana kan datar layi kawai, a bar su idan kana kan wayfai.

Abin da na fi so a cikinta bayan uBlock shi ne yanayin karatu. Idan ka buɗe doguwar maƙala, wata 'yar alama mai kama da takarda takan fito a gefen adireshi. Ka taɓa ta, komai ya kau sai rubutu zalla, ka ƙara girman haruffa yadda idonka ke so, ka mayar da bayan baƙi idan dare ne kuma babu wuta. Dattawan da ke zuwa a buga musu takardun fansho, waɗanda ke nesanta waya da fuska suna ƙanƙance ido, su na fi nuna wa wannan. Ba kowane shafi ne ke bayar da alamar ba, amma yawancin shafukan labarai da na Wikipedia suna bayarwa.

Sai adana shafi a matsayin PDF, wanda ya shafi sana'ata kai tsaye. Ɗalibi zai biya kuɗin makaranta, ya ɗauki hoton fuskar waya, ya kawo a buga masa. Rabin lambar ya yanke, sunan banki bai fito ba, in aka buga sai ya yi dishi-dishi, a ofis kuma a ƙi karɓa. A Firefox, cikin zaɓuɓɓukan tura shafi akwai na adana shi a PDF, ya fito cikakke, rubutunsa tas, ya zauna a waya ko babu data. Chrome ma tana yin haka ta hanyar zaɓin bugawa, sai dai a ɓoye yake, ba kowa ke gano shi ba. Duk rasit, duk takardar shaidar samun gurbin karatu, duk sakamakon jarrabawa, a adana shi haka tun a ranar, domin shafin da ya buɗe yau ba lalle ya buɗe ranar da ake tsananin buƙatarsa ba. Kuma idan shafi ya zo a takure a waya, kamar yadda ɗalibai suka sani game da shafin CAPS na JAMB, akwai maɓallin Desktop site da ke sa a nuna maka shi yadda yake a kwamfuta.

Wani tela dattijo da ke layinmu ya taɓa shigowa da wayarsa a hannu, hankalinsa a tashe.

"Malam, taimaka ka duba mini. Tun jiya take cewa ƙwayar cuta ta kama ta, wai in ban danna ba komai zai goge."

"Baba, kun danna wani abu?"

"Ban danna ba, ɗana, tsoro ya hana ni."

Babu wata cuta a wayar. Wani shafi ne ya taɓa tambayarsa izinin turo masa sanarwa, da Turanci, shi kuma ya danna Allow don abin ya kauce masa daga gaba. Daga nan shafin ya samu damar jefo saƙo a saman wayarsa duk lokacin da ya ga dama, ta cikin burauzar da ta zo da wayar, saƙon kuma ya yi shigar gargaɗin gaske. Na cire izinin, saƙonnin suka tsaya. Wannan matsala kusan kullum sai an kawo mini irinta. Maganinta a kowace burauza ɗaya ne: a shiga saitin shafuka, a nemi ɓangaren sanarwa, a goge duk sunan da ba a sani ba. A Firefox nakan rufe tambayar gaba ɗaya, yadda babu shafin da zai sake neman izinin. Ban taɓa ganin wanda ya yi asarar wani abu don ya rufe ta ba.

Abin da uBlock ba zai yi maka ba shi ne karanta adireshi. Link ɗin da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp, na tallafin gwamnati ko kyautar data ko ɗaukar aiki, wanda ke cewa sai ka tura wa mutum goma kafin a ba ka, yawanci an yi shi ne don a karɓi lambar BVN ko NIN ɗinka. Firefox da Chrome duk suna da jerin shafukan damfara da suke gargaɗi a kai, amma sabon shafin da aka buɗe jiya bai shiga jerin ba tukuna. Idonka ne zai yi aiki. Yawancin hukumomin gwamnati adireshinsu da gov.ng yake ƙarewa, kamar jamb.gov.ng da nimc.gov.ng, jami'o'i kuma da edu.ng, kamar buk.edu.ng. Abin dubawa shi ne ƙarshen sunan, kafin layin nan mai karkata na farko, ba farkonsa ba, domin ɗan damfara yana iya sa sunan hukuma a gaba ya liƙa nasa a baya. Alamar kwaɗo da ake gani a gefen adireshi kuma ba shaidar gaskiya ba ce. Ma'anarta kawai babu mai leƙen abin da ke tsakaninka da shafin, ko da shafin na ɓarawo ne. Saboda wannan ruɗani ne ma Chrome ta cire kwaɗon a 2023. Ina son yadda Firefox ke barin mutum ya sauko da wurin adireshi ƙasan fuskar waya, kusa da babban yatsa, inda ido ke yawan sauka.

Haka nan shafin sirri, wanda Chrome ke kira Incognito, mutane suna ɗora masa abin da ba nasa ba. Amfaninsa shi ne idan ka rufe shi, wayar ko kwamfutar ba ta riƙe tarihin inda ka shiga ba, kuma duk asusun da ka buɗe ya fita. A shagona doka ce, duk wanda zai shiga imel ɗinsa a kwamfutarmu a shafin sirri zai shiga, don kada na bayansa ya tarar da akwatinsa a buɗe. In za ka ari wayar wani ma haka ya kamata. Amma ba ya ɓoye ka daga kamfanin layinka, ko mai wayfai ɗin da kake kai, ko shafin da ka ziyarta. A Amurka har ƙara aka kai Google kan wannan fahimta, kuma a 2024 ya amince zai goge ɗimbin bayanan da ya tara daga masu amfani da Incognito.

Yanzu ga inda Firefox ta gaza, kuma ba ƙananan wurare ba ne.

Na farko, da yake yawancin jama'a Chrome suke amfani da ita, masu gina shafuka da yawa a kanta kawai suke gwada aikinsu. Sai ka tarar da shafin wata makaranta ko wata hukuma da maɓallinsa ba ya dannuwa, ko wurin ɗora hoton fasfo ya ƙi buɗewa, ko shafin biya ya tsaya a tsakiya. Wani lokaci uBlock ne ya tare wani abu da shafin ke buƙata, kashe shi a wannan shafi sai ya warware. Wani lokaci kuma ginin shafin ne. Ni dai ƙa'idata, duk abin da ya shafi rajista mai wa'adi ko biyan kuɗin wani, a Chrome nake yin sa, don ba zan yi gwaji da kuɗin makarantar ɗan mutane ba. Ke nan Firefox ba ta raba ka da Chrome, rage zamanka a cikinta take yi.

Na biyu ya fi yi mini ciwo. Google Translate ya samu Hausa tun watan Disamban 2013, kuma Chrome tana iya juya shafi sukutum zuwa Hausa da taɓawa ɗaya. Fassarar ba ta cika daɗi ba, wani lokaci sai ka koma ka karanta jimla sau biyu, amma ga wanda Turancinsa bai yi nisa ba, ita ce bambancin fahimta da rashinta. Firefox tana da nata tsarin fassara da ke aiki a cikin wayar ba tare da an tura rubutun ko'ina ba, abin a yaba, sai dai Hausa ba ta cikin harsunansa. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Kano zuwa Damagaram zuwa zangon Kumasi bai kamata a bar shi a baya haka ba. Wanda ya dogara da fassara a karatunsa na kullum, ina ganin zamansa a Chrome ya fi masa.

Na uku batun ƙarfin waya ne. Ƙananan wayoyi masu ram gigabait 2 (ram shi ne wurin da waya ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin), waɗanda su ne a hannun mutane da yawa, ba sa jure cikakkiyar burauza da shafuka da yawa a buɗe. Ka fita ka duba lambar da banki ya turo, ka dawo ka tarar shafin ya sake lodi, abin da ka cike ya goge. Android ce ke kashe abin da ke baya don ta samu wurin numfashi, kuma kowace babbar burauza tana fuskantar haka. Abin da ke taimakawa shi ne rage shafukan da ke buɗe. Na sha karɓar waya in ga shafuka sun haura ɗari, mai ita bai ma san suna nan ba. Firefox tana ware waɗanda aka yi sati biyu ba a taɓa ba, kuma ana iya sa ta ta riƙa rufe su da kanta bayan kwana ɗaya ko sati ko wata. Nawa a sati na sa shi. Shafin da nake buƙata kullum kuma, kamar na Remita, a fuskar waya nake ajiye shi kamar manhaja, ba sai na bar shi a buɗe ba.

Akwai mai tambaya, to ita Mozilla da me take ci? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mafi yawan kuɗinta daga Google yake zuwa, wanda ke biyan ta don ya zama shi ne injin bincike na farko a cikin Firefox. Ya kamata mai amfani da ita ya san haka. Amma canza injin binciken zuwa DuckDuckGo ko wani abu ne na 'yan daƙiƙoƙi a cikin saiti, kuma wannan dangantaka ba ta sa an hana uBlock aiki ba. Wanda kuma yake son toshe talla ba tare da ya sa komai ba, Brave tana nan. Brendan Eich, wanda ya ƙirƙiro JavaScript, harshen kwamfuta da shafukan intanet ke aiki da shi, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Mozilla, shi ya fito da ita a 2016, da mai toshe tallarta a ciki, kuma da yake a kan Chromium take, shafuka ba sa yi mata gardama sosai. Abin da ya sa ban zauna a kanta ba shi ne harkar kuɗin kirifto da aka saƙa a jikinta. Ana iya kashewa, amma ni ba na son in miƙa wa dattijo ko yaro abin da sai na bi na rufe wasu ƙofofi a ciki.

Kalmar sirri kuma, idan ka buɗe asusun Mozilla kyauta, Firefox tana haɗa na waya da na kwamfuta: kalmomin sirri, shafukan da ka yi wa alama, har shafin da ka bari a buɗe a shago kana iya ci gaba da shi a gida. Ranar da waya ta faɗi ko aka ƙwace ta, wanda a garin nan ba baƙon labari ba ne, sabuwar waya za ta dawo maka da komai. Sharaɗin shi ne wayar kanta ta kasance da makulli, na lamba ko na yatsa, in ba haka ba duk wanda ya tsince ta ya tsinci asusunka gaba ɗaya.

Saura abu ɗaya da in ba a yi shi ba duk wahalar ta tashi a banza. Sauke Firefox ba ya sa link ya riƙa buɗewa a cikinta. Sai an shiga saitin waya, ɓangaren manhajoji, an zaɓe ta a matsayin burauzar farko, sannan abin da aka turo ta WhatsApp ko saƙon tes zai bi ta cikinta. Facebook da Instagram kuwa suna da tasu burauzar a cikin manhajarsu, kuma a nan suke buɗe duk link ɗin da ka taɓa, inda uBlock ba ya kaiwa. Idan shafi ya buɗe a can, ka danna ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi a buɗe shi a burauzar waje. A saitin Facebook, ɓangaren bidiyo da hotuna, wasu wayoyin suna da maɓallin da ke sa kowane link ya riƙa fita waje da kansa, in naka yana da shi ka kunna.